Wai ɗin Ibi Palmo a Ƙarshe Yake Zuwa

Duk wanda ya ce Ibi Palmo magulmaciya ce, ya zo ya maimaita a gabana. Na gaji da jin maganar nan a bayan ido. Matar nan, da muke ce wa Ibi kamar yadda muke kiran kowace tsohuwa, yayar mahaifina ce, tun shekarar girgizar ƙasa take zaune a ɗakin saman gidana a unguwar Jorpati, gefen Kathmandu, ni nake kai mata shayi, ni nake tsefe mata kai, don haka babu mai gaya mini halinta. Surutu kam tana da shi, ban musa ba. In ta buɗe baki gara ka nemi wurin zama. Amma a tsawon rayuwarta ba ta taɓa cewa ta ga abin da ba ta gani ba, kuma masu zagin nata ba za su iya faɗin haka a kan kansu ba.

A yarenmu, mu Yolmo mutanen kan duwatsu, in mutum zai ba da labarin abin da ji kawai ya yi, sai ya kai ƙarshen maganarsa ya ɗora 'yar kalma guda, lo, wato wai. Kowa ya san wannan, amma yawancin mutane yau su sa, gobe su manta. Ibi ba ta mantawa. Damuwar kawai ita ce maganarta ba ta saurin kaiwa ƙarshe. Takan ɗauko zance tun daga ƙofar gida: wane ya tashi, ya ɗaura kaya, ya tsallake rafi, da ya iske wance tana tatsa sai ya tsaya, ya sha, ya wuce, ruwa ya tare shi a kan tudu. Haka za ta yi ta ɗora wannan a kan wancan ba ta sauke murya ba, har shayinka ya huce, sannan can ta ce wai, ta ɗauki kofinta. Wanda ya tashi kafin ta kai wurin, da ƙarya ya tafi, kuma tasa ce, ba tata ba.

An taɓa yi da Temba, maƙwabcinmu a ƙauye. Tana cikin magana ya ji ta ambaci saniyarsa da faɗawa kwazazzabo, bai jira ba ya zari igiya ya hau dutse. Ya isa ya tarar da saniya tana kiwo abinta. Da ya dawo yamma lis yana huci, ta dube shi ta ce, "Ni na ce ka tashi? Ai ban gama ba. Daga bakin mai kawo gishiri ya fito, shi kuwa ka san shi. Da ka zauna da ka ji." Har Temba ya mutu, in ya ga ta fara magana sai ya cire takalmansa ya zauna a kansu.

A ƙauyenmu na saman kogin Melamchi aka haife ta, ba ta taɓa shiga aji ba. Da garke ta tashi. In damina ta zo akan kora shanu can ƙololuwa inda ciyawa take, a kafa bukka da tabarmin gora, a yi ta kaɗa mai har sanyi ya koro mutane ƙasa. Ita ke sauka ƙauye ta hau da labari. A wurin da saƙo ɗaya zai sa mutum tafiyar yini, kakana ba ya wasa. In ta kawo magana sai ya tambaye ta, "Idonki ko kunnenki?" In ta ce kunne, sai ya ce, "Bakin wa?" A haka ta girma.

Ta auri Norgye, mutum mai shiru kamar bango. Mutane suka ce an dace, ita za ta yi maganar mutum biyu. Suka tafi Indiya aikin hanya, shi yana fasa dutse, ita tana dafa wa leburori abinci. Ta iyo yaren can, amma har yau ba ta yarda da shi ba, ta ce mutanen suna iya kwashe yini suna ba ka labari ba ka san wanne suka gani ba. 'Yarta guda can ta yi aure ta zauna. Da ciwon ƙirji ya ɗauke Norgye, Ibi ta dawo, ta faɗo Kathmandu a lokacin da saƙar dardumar ulu take ci. A rumfar saƙar akwai rediyo, amma in ta fara magana kashe shi ake yi. Wannan ba wai ba ne, a can na fara aiki bayan na gama sakandare, da hannuna na sha kashe shi.

A rumfar nan ta sake haɗuwa da Ibi Bhuti, ƙawarta tun suna kiwo. Bhuti gajera ce, ba ta da yawan magana, amma in ta yi ɗaya sai ta yi kwana tana yi maka zafi. Mijinta, marigayi Ongdi, falken man shanu ne, daga ƙauye yake sauko da shi a baya. Tun da ƙafafunsu suka daina zaman saƙa, kullum da safe su biyun sukan je Boudha, wurin babbar hasumiyar nan, su yi zagayensu na ibada, sannan su dawo su zauna a bencin ɗan shagon shayina, rana tana dukan bayansu.

"Uwar surutu, yau kuma wa kika kashe?" Bhuti takan ce.

"Ke na so in kashe, na duba na ga labarinki ba zai yi daɗi ba."

"Yangji, ƙara mata gishiri a shayi, ko harshen zai ƙanƙance."

Haka suke, kuma ni ban taɓa neman wata waƙa a shagona da ta wuce wannan ba.

To, sai 'yata Diki. Ni aikin jinya na so ta karanta, kamar 'ya'yan mutane. Ta gama digirin farko ta zo ta ce mini za ta ci gaba a jami'a, fannin ilimin harsuna.

Na ce, "Me ake karantawa a can?"

"Yadda ake ƙulla jimla a cikin jimla, Ama. Da yadda kowane yare yake yin nasa."

"In an ƙulla sai a sayar wa wa?"

Ta yi dariya. Ni ban yi ba. Na yi wata guda ina ajiye mata abinci da ƙarfi. Amma Diki kan ubanta ta ɗauko, ta tafi abinta, kullum sai ta tsallaka gari a motar haya ta dawo da ƙura har cikin gira.

Abin da ya sassauto da ni malamarsu ce, Malama Bimala. Ranar da ta fara zuwa ta cire takalmi ba a gaya mata ba, ta shanye shayin gishiri da mai ba ta yamutsa fuska ba, har ta miƙo kofi. Na tambaye ta kai tsaye ko gyara mana yare suka zo yi, don na san halin masu boko. Ta ce, "Yaya, mu ba ruwanmu da daidai da kuskure. Aiki muke tambaya. Duk 'yar gutsuren da ke cikin magana tana da aikin da take yi, in ba haka ba da tuni mutane sun yar da ita." Ta ce a ajinsu akwai mai yaren Maithili, da mai Tharu, da mai Newar, kowa zai kawo maganar tsofaffinsa, a jera a ga yadda kowanne yake ɗaura aiki a bayan aiki, da inda yake nuna dalili, da inda yake nuna sharaɗi. Wannan na gane. Ni ma a saƙa na san ƙullin da ba a gani shi ke riƙe darduma.

Sai Ibi ta sauko. Aka gaisa, Malama ta tambaye ta ya hanya daga ƙauye take a da, Ibi ta ja numfashi ta fara. Na ga matar nan ta ajiye biro a hankali, ta dubi Diki, bakinta a buɗe. Da aka kai wai, ta ce, "Duk wannan jimla ɗaya ce?"

Diki ta ce, "Yau ma a gajiye take."

Daga ranar Ibi ta samu sana'a. Abin da aka yi shekaru ana yi mata tsaki a kai, ga mutane sun tsallako gari da na'ura suna roƙon ta ƙara. Murya kawai ake ɗauka, amma sai ta sa sabon zaninta na gaba mai ratsi-ratsi ta ɗaura 'yan kunne. Bhuti tana gefe tana cewa, "Ku ɗebi da yawa, 'yan nan, ba ya ƙarewa, mu mun gwada." Diki ta yi ta kwana da tashi da abin ji a kunne, tana rubuta maganar, tana tsaga kowace kalma gida-gida. Ni ma har na fara gaya wa masu shan shayi cewa 'yata tana rubuta littafi.

Da aikin ya yi nisa, Malama Bimala ta ce bai kamata a ɗebi maganar mutane a tafi ba a dawo an nuna musu ba. Aka sa rana a zauren ƙungiyar 'yan garinmu. Aka cika. Tsofaffi a gaba, Ibi da Bhuti kafaɗa da kafaɗa. Diki ta tsaya tana haska rubutu a bango, ni kuwa ina baya ina jin kamar in fashe don daɗi. Ta nuna yadda yarenmu yake jera ayyuka da 'yar ƙaramar wutsiya a bayan kowanne, ta nuna na wasu yarukan, mutane suna gyaɗa kai. Sai ta ce ga misali mai kyau daga bakin Ibi Palmo. Da yake tsofaffi ba sa karatu, sai ta karanta da ƙarfi:

"Ongdi ya ɗauko dakakken dankalin da aka lulluɓe da mai, ya ɗora a sikeli, ya sayar wa masu kunna fitila."

Ta tsaya a nan. Ta fara bayanin wutsiyoyin.

Bhuti ta dafa gwiwa ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta bi ta tsakiyar mutane ta fita. Ba ta dubi kowa ba.

Ga abin da yake ciki. Shekarar da ruwa ya cinye gadar ƙasan ƙauyenmu, ayari ya sauko da mai ta doguwar hanya, har da Ongdi da Bhuti da ita Ibi. Bayan an sayar an koma, sai magana ta biyo su cewa ɗaya daga cikin ƙunshin da Ongdi ya sayar don fitilun ibada, da aka yanka, dankali ne a ciki. Man fitila ba abin wasa ba ne a wurinmu. Ongdi bai taɓa amsawa ba, bai taɓa musawa ba, har ya mutu. Labarin ya yi ta yawo, kowa ya san shi, ita Bhuti ta sha jin Ibi tana bayarwa a gabanta. Ba ta damu ba, saboda a ƙarshe wai yake ƙarewa. Ibi tana cikin ayarin. In wadda ta taka hanyar tare da shi, wadda ba ta ɓoye abin da ta gani, ta ce ji ta yi, to babu shaida ke nan, zance ne kawai. 'Yar kalmar nan ita ta riƙe wa Ongdi sunansa duk shekarun nan. Ranar kuwa, a gaban jama'a, da sunan Ibi a ƙasa, aka karanta maganar babu ita.

Da muka koma gida na rufe ƙofa na juyo kan Diki.

"Ina sauran maganar?"

"Ama, jimlar ba za ta shiga bango ba, ta fi shafi. Tsakiyar nake bukata. Kowa haka yake yi, a yanko wurin da ake so. Ai na sa ɗigo uku a ƙarshe."

"Ɗigo me?"

"Ɗigo uku. Alamar akwai saura."

"Da kika karanta, kin karanta ɗigon? Bhuti ta ji shi?"

Sai hawaye. Ban tausaya mata ba a lokacin. Na ce mata a gidan nan aka haife ta, ta san inda wai yake zama tun kafin ta iya ɗaura takalmi, sai da ta je jami'a sannan ta koyi tashi kafin a gama magana. Na faɗi wasu ma da ba zan rubuta ba.

Washegari Bhuti ba ta zo ba. Ta sauya lokacin zagayenta, sai Ibi ta dawo take fita. Benci ya zama na mutum ɗaya. Amma abin da ya tsorata ni shi ne Ibi ta koma gajeriyar magana. In na kai shayi ta ce, "Ajiye." In na tambayi jiki ta ce, "Da sauƙi." Matar da ko neman cokali za ta yi sai ta bi ta kan wanda ya ara bara. Gidan ya yi mini faɗi. Har masu shan shayi suka fara tambaya ko ba ta da lafiya.

Na ce mata, "Ibi, ki je ki same ta mana. Ke ba ki yi komai ba."

Ta ce, "Shi ya sa."

Diki ta ɗauki na'urarta ta tafi gidan Bhuti don ta kunna mata maganar gaba ɗaya. Ni na raka ta. Bhuti ta ba mu wurin zama, ta ba mu shayi, don ba ta da rowa ko tana fushi. Amma ba ta bari an kunna ba.

Ta ce, "'Yar nan, wanda ya iya yanke magana a bango, zai iya liƙa mata jela a cikin akwati. Mayar da abinki jaka."

Diki ta ce mata, "Ibi, laifina ne, ba nata ba."

"Na sani. Amma mutanen da suka ji, sun ji. Matar Rinji ta riga ta gaishe ni da wata irin murya a kasuwa. Kin iya bin su gida-gida da akwatin?"

Da Malama Bimala ta ji, ta zo da kanta. Ba ta ɓoye a bayan ɗaliba ba, ta ce ita ma ta duba misalin ta wuce shi, hankalinta yana kan wutsiyoyin tsakiya. Ta zauna a ƙasa kusa da gadon Ibi ta ce, "Ibi, mu a wurinmu in an yi irin wannan, gyara ake bugawa a takarda. Na san ba zai yi a nan ba. Ku yaya ake yi?"

Ibi ta daɗe tana juya carbinta. Sannan ta ce, "Inda aka yanke ta, a nan za a ƙarasa ta."

A zauren nan dai ake taron addu'a na wata-wata, kuma Bhuti ba ta fashi, don ita ke kawo man fitilar mijinta. Ranar ta zo ta zauna can nesa, kusa da taga. Aka yi addu'a, aka ci abinci. Ana shirin tattara kwanuka sai Ibi ta kama kafaɗata ta miƙe.

Ta ce, "Kowa ya zauna. Mai jin fitsari ya je ya dawo, zan jira."

Aka yi 'yar dariya. Babu wanda ya fita. Ta fara tun daga ruwan da ya kwana yana zuba, gada ta tafi, ayari ya taru a gidan wane, aka ɗaure mai a fata, aka bi ta kan tudu, matar wane ta zame ta gurɗe ƙafa, aka kwana a kogo, matsattsaku suka cinye ƙafafun mutane, aka sauko kwari. Muryarta ta dawo kamar an buɗe famfo. Ta kai kan Ongdi, ya ɗauko dakakken dankalin da aka lulluɓe da mai, ya ɗora a sikeli, ya sayar wa masu kunna fitila. A nan na ga mutane sun daina motsi. Ba ta tsaya ba: masu fitila suka kai, da aka zo narkawa ya ƙi narkewa, aka yanka, aka ga abin da aka gani, mai tsaron ɗakin ibada ya gaya wa wani ɗan dako, ɗan dakon ya gaya wa surukin Temba, surukin Temba ya hau da maganar ƙauye bayan kaka ya faɗa a wurin niƙa. Ta ja numfashi, ta dubi taga.

"Wai."

Wani tsoho a baya ya sauke ajiyar zuciya har aka ji. Bhuti ba ta motsa ba. Daga inda take ta ce, "Palmo. Idonki ko kunnenki?"

"Na ga dankali a kayanku, na ga mai. Ban ga hannun da ya haɗa su ba, ban ga sikeli ba. Ranar ciniki ina gidan 'yar uwata da zazzaɓi."

"To ni na gani."

Kowa ya juya. Bhuti ta ce hannunta ne. Guzurin komawa ta yi musu: ta daka dankali, ta lulluɓe shi da mai don kada ya bushe, ta rasa abin ƙunshewa sai ta sa a ragowar fata irin ta kayan sayarwa. Ongdi ya kwashi kaya da sassafe ya haɗa da shi. Sai da suka yi nisa a hanyar gida, yunwa ta kama su, ta kwance ƙunshi ta ga zallan mai.

"Mai muka lasa har ƙauye," ta ce. "Cikinsa ya yi sati yana kuka. Na ce mu koma mu faɗa, ya ce in na buɗe baki sai dai in nemi wani mijin. Falke ne, ya gwammace a ce masa mayaudari da a ce bai san nauyin kayansa ba. Na riƙe masa yana raye, na riƙe masa bayan ya tafi. Yanzu kam ya yi haƙuri, na gaji."

Ba ta sa wai ba. Tsohon nan na baya ne ya fara dariya, sai zauren gaba ɗaya ya ɗauka, har mai jan addu'a ya rufe baki da hannun riga. Ibi ba ta yi dariya ba, ta tsaya tana kallon ƙawarta.

Ta ce, "Duk shekarun nan kina zaune kusa da ni ina ba da rabin labari, ba ki ce komai ba?"

"Yaushe kika taɓa yin shiru da zan sa baki?"

Diki ta lallaɓa ta durƙusa gaban Bhuti ta tambaya ko za ta yarda ta sake faɗa a ɗauka. Na yi niyyar jan kunnenta, amma Bhuti ta riga ni. Ta ce, "Duka, ko ki bari." Diki ta ce duka. Kuma haka aka yi. A littafinta jimlar Ibi tana nan daga ruwan sama har wai, ta cinye shafuka, da ta Bhuti a bayanta. Malama Bimala ta ce babin da ya fi kyau ke nan, don ya nuna yadda kalma ɗaya a ƙarshe take rufe duk abin da ya gabace ta, ta kuma sa sauran ɗaliban su koma su duba inda nasu yarukan suke ajiye irin wannan nauyin. Diki yanzu tana koyarwa. Har yau ban ga abin da ake sayarwa ba, amma tana cin abinci, tana kuma jira a gama magana.

Washegarin taron ina hura wuta na ji sandunansu biyu a kan titi. Suka zauna. Bhuti ta kurɓi shayi ta ce na rage mai tun da ta daina zuwa. Can sai ga direban da ke shan shayi a wurina, shi bai je taro ba, ya ce ya ji an yi abu jiya, a ba shi labari. Ibi ta gyara zama. Ta ɗauko tun daga gada, ta bi ta kogo, ta shigo da sabon guzurin, da fatar, da man da aka lasa, da cikin Ongdi. Bhuti tana gyaɗa kai tana jin daɗi, har da gyara mata wuri ɗaya. Ibi ta kai ƙarshe ta ce wai, ta ɗauki kofinta.

Bhuti ta ajiye nata. "Wai kuma? Ni da bakina na faɗa, a gaban mutane, kina tsaye."

"Eh, daga bakinki na ji."

"To ƙarya na yi?"

"Ban ce ba. Ina gidan 'yar uwata da zazzaɓi."

"Yangji, kina jin tsohuwar nan?"

Na ce ina ji, na ƙara musu shayi. Direban ya makara a aiki ranar, don sun kai hantsi suna yi.